Hannun Hagu na Inna Mero

Da hantsin Asabar Malama Salma ta kawo ƙara: an sace mata katako a lekol ɗinsu, makarantar Bande.

"Katako?" in ji Sufeto Hinda. "Don katako kika taso har Magarya?"

"Sassaƙe ne, ranki ya daɗe. Wata Bajamushiya ta koya mini. A sassaƙa hoto, a shafa baƙin tawada, a danna takarda. Jibi za a kai shi gasa a Damagaram. In babu shi, gurbin karatuna ya tafi."

A ajin, kan Hinda ya ɗaure. Ba a taɓa rediyo ba, ba a fasa kwaɗo ba. Takardun da aka buga kuwa an yayyage su. Ta haɗa guntaye: tsohuwa ce a gona, duk ƙashi, tana miƙa wa wani zangarniyar gero.

"Wace ce?"

"Inna Mero, yayar babana," in ji Salma.

Bawa mai gadi ya rantse ko kaza ba ta shigo ba.

"Wannan ƙwaryar furar fa, da baƙin yatsa a bakinta?" in ji Hinda.

Ya sosa ƙeya. "Ina masallacin Juma'a aka ajiye. Mabuɗin dai... yana ƙarƙashinta."

Sun tarar da Inna Mero tana sussuka. Hinda ta gaishe ta, idonta na kan tafin hannun tsohuwar.

"Inna, biki ake yi? Lalle tsakiyar kaka?"

"Sai da biki?"

"A hannu ɗaya?"

Tsohuwa ta jingine taɓarya. Ƙarƙashin jan lallen, baƙin tawada ya ƙi ɓuya.

"Ni na ɗauka," ta ce. "Ramar ban damu da ita ba, tawa ce, fari uku na ci da ita. Amma shekara hamsin ina noma, ban taɓa miƙa wa ɗan Adam hatsi da hagu ba. Sai 'yar ƙanena ta kai ni birni a ce ba ni da tarbiyya?"

"Inna, da dama na sassaƙa ki," in ji Salma. "Takarda ce ke juyawa."

"Na gani. Murhu na nufa da katakon, na duba, sai ga ni da damata. Na rasa gane kansa. Katako mai gaskiya, 'ya'yansa maƙaryata."

Ta shiga rumbu ta fito da shi, naɗe cikin zane.

Salma ta ce ta janye ƙara. Hinda ta ce sai dai a janye a komisariya, ofishin 'yan sanda, da sa hannu.

Inna Mero ta ɗora katakon a ka, ta yi gaba. A bakin motar Sufeto ta sauke, ta miƙa wa Salma da hannun dama.

"Sufeto, ki rubuta da wanne na bayar."