Sunan Mijin Menuka

"Sunana fa kawai aka tambaye ki, Menuka! Sunana!"

Tilak ya miƙe tsaye da waya a hannu, shayin safensa na hucewa a kan tebur. A fuskar wayar, matarsa ta sunkuyar da kai tana murza sarƙar aurenta.

"Ranka ya daɗe, na nuna musu hotonka, na ce ga mai gidana..."

"Sai aka ce wa ye sunansa?"

"Sai na yi shiru. Tafinta ya maimaita, na ƙara yin shiru. Ma'aikaciyar ofishin ta ce in dawo wani mako."

Ya dafe kai. Tun suna yara a sansanin 'yan gudun hijirar Bhutan da ke Nepal yake mutuwar son yarinyar nan. Jirgi ya kawo shi birnin Columbus, can bayan teku, shi da mahaifiyarsa, ita kuwa babanta ya rantse ba zai ƙara nisa da ƙasarsa ba. Da Tilak ya zama ɗan ƙasa sai ya koma ya aure ta, ya dawo ya nemi a kawo masa matarsa, tunda doka ta ba shi wannan dama. An sha jira, an yi gwajin lafiya, saura ganawa kawai a ofishin jakadanci. To wa zai yarda da auren matar da ta kasa faɗin sunan mijinta? In ta sake yin gum, cewa za a yi auren bogi ne, a rufe maganar.

"Haba sanyin idona, ki daure ki faɗa. Sau ɗaya tak."

"In faɗa in rage maka kwana? Gara in tsufa a nan, in dai kana numfashi!"

"Ta yi daidai!"

Ama ce, mahaifiyarsa, ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Tsohuwar nan kunnenta ba ya jin ƙararrawar ƙofa, amma ba a taɓa yin ƙus-ƙus a gidan ta rasa shi ba.

"Ni na hore ta ranar biki. 'Yar mutunci ba ta kama sunan miji gatsal, sai ka ce mai kiran akuya."

Tilak ya durƙusa a gabanta. Bai saba musu da ita ba, amma yau ransa a dake yake.

"Ama, ban raina tarbiyyarki ba. Amma matata zan kawo gidan nan, ko sama da ƙasa za su haɗe. Kullum kina kukan kaɗaici in na tafi aiki. Ga mai ɗebe miki kewa, kalma ɗaya ta tare ta a bayan teku."

"In kuma wani abu ya same ka fa? Kai kaɗai gare ni..."

Ta zauna a hankali, ta aje ludayin a cinya, ta daɗe tana kallon hoton marigayi mijinta da ke bango.

"Tun ina ƙaramar amarya nake kaffa-kaffa da sunan ubanka," ta ce. "Ko tsoro na ji cikin barci ban kira shi ba. Duk da haka zazzaɓi ya zo ya ɗauke shi a bukkar gora can a sansani. Yana kwance ba ya gane kowa, na so in kira shi ko zai buɗe ido... kunya ta hana ni. Har yau abin yana ci na."

Ta miƙa hannu ta karɓi wayar.

"'Yata, ɗago ki dube ni. Sunan surukinki... Padamlal." Ta ja numfashi, hawaye na bin kumatunta. "Padamlal! Kin ji na faɗa. Kwana na hannun Mai Sama, ba a bakinki yake ba. Je ki faɗa musu da ƙarfi, ki taho gida."

Menuka ta fashe da kuka. Tilak ma, duk ƙaton nan da shi, ya kifa kai a gwiwar uwarsa.

Ranar komawa ganawar, yana tsaka da ɗaura takalmin aiki wayarsa ta yi ƙara.

"Ranka ya daɗe... kana lafiya? Babu inda ke maka ciwo?"

"Garau nake! Yaya aka yi? Kin faɗa?"

"Har sau biyu. Na farko muryata ta maƙale, matar ta ce in maimaita. Da na faɗa sai ta yi murmushi ta ce an amince."

Ya yi wani ihu da sai da maƙwabcinsu ya buga bango. Ita kuwa tana dariya tana share hawaye, sai ta rage murya kamar mai satar nama a tukunya.

"Ashe daɗi gare shi a baki... Tilak. Ka share ɗaki, ga ni nan tafe."