Alkawarin 'Yar Barewa

Saura kwana huɗu a yi hutu, Malam Muntasir kuwa ya riga ya ɗaure kansa da bakinsa. Malamin firamare ne a Safana. Shekara tara yana zana giwa da raƙumin dawa a allo, amma 'ya'yansa biyu ko zomon daji ba su taɓa gani ba. Ya rantse bana sai sun gani da idonsu. Mas'uda, babbar, har ta ware littafi ta jera sunayen dabbobin da za ta duba. Marwa kuwa, 'yar shekara huɗu, ba ruwanta da littafi, ita dai a kawo mata guda gida.

Tafiya mai nisa ta gagara, hanyoyin ba na bi da yara ba ne. Sai Baba Maude, wani tsohon maharbi a Runka, ya tsegunta masa cewa tun da mutane suka bar gonakin bakin daji saboda 'yan bindiga, bareyi sun dawo. Akwai wani tafki bayan dutse, ba nisa da gari, nan suke sauka shan ruwa kafin rana ta faɗi.

"Malam, ka rufa mana asiri," in ji matarsa Adawiyya. "Mutane na gudowa daga daji, kai kana shirin kai 'ya'yanka?"

"Shi ya sa zan fara zuwa ni kaɗai in duba. In hankalina bai kwanta ba, an fasa."

Ranar Laraba bayan la'asar ya hau babur. Baba Maude ya nuna masa hanya da sanda, amma ya ƙi hawa.

"Kallo kawai, ɗana. Naman dawa yana da masu shi, kamar yadda akuyarka take da mai ita. Kada ka kira sunan wani naka a wurin. Kada kuma ka sa rai da ko guda."

Malam ya ce to. Irin "to" ɗin 'yan boko, wadda ba ta wuce leɓe.

Ya ratsa gonakin da ciyawa ta cinye, ya jingine babur a gindin dutse, ya hau. Tafkin na nan a ƙasa. Ƙamshin taɓo, kukan kwaɗi, kurciya na kira daga nesa. Bai daɗe da zama ba bareyin suka fara fitowa. Biyar. Goma. Ashirin. Har da gwanki biyu a baya. Wallahi sai da idonsa ya kawo ruwa don daɗi.

Sai wayarsa ta yi motsi a aljihu. Wayar Adawiyya ce, amma muryar ƙaramar ce a ciki.

"Abba, ka gan su?"

"Na gan su, Marwa," ya raɗa. "Ga wata 'yar mitsitsiya nan, ba ta kai ɗan akuya ba."

"Tawa ce?"

"Taki ce. Ran Asabar zan kama miki ita mu tafi da ita gida."

Lallashi ne kawai irin na uba. Ya yi 'yar dariya, ya kashe wayar.

Kwaɗin suka yi tsit.

Bareyin suka ɗago kai gaba ɗaya. Ba su gudu ba. Shi suke kallo. A lokacin ya lura kowace tana da tsaga a kunnen hagu, irin shaidar da ake yi wa dabbar gida. 'Yar ƙaramar kuma da siririyar igiyar kaba a wuyanta.

Iska ta juyo da warin garke, da hayaƙin itacen da bai san irinsa ba.

"Sannu, mai yara."

Daga bayansa muryar ta fito, ya waiga. Bai ji takun kowa ba.

Dogon mutum ne, sanda saɓe a kafaɗu kamar makiyayi. Rana na bayansa, fuskar ba ta ganuwa. Inuwarsa kuwa ba ta zo wajen Malam ba, can ta miƙe wajen ranar. Wasu ƙanana uku na leƙe ta bayan ƙafafunsa.

"Nawa ne naka?"

Malam ya datse haƙora, amma harshensa ya amsa da kansa. "Biyu."

"Mun ji sunan guda."



"Kallo ba laifi ba ne," in ji mutumin a hankali. "Nawa ma sun dame ni in kai su su ga naku."

Ɗaya daga cikin ƙananan ya ja masa riga. Ya sunkuya, aka raɗa masa wani abu a kunne. Ya yi dariya, sak irin wadda Malam ya gama yi a waya.

"To, to. Na ji."

Ayatul Kursiyyu, wadda yake biya wa yara kullum da safe, ta ƙi zuwa bakinsa. Da ƙyar kalmar farko ta fito. Ya sulalo daga dutsen da baya, tafin hannunsa na salewa.

Ya buga babur. Shiru.

Ya sake. Shiru.

A na uku kiran sallar magariba ya taso daga Runka, injin ya kama.

Baba Maude na alwala a ƙofar gida. Kallo ɗaya ya yi masa.

"Ka kira suna?"

Malam ya sunkuyar da kai.

"Ka yi alkawari?"

Tsohon bai jira amsa ba. Ya ajiye buta. "Ni bin sawu na sani, ɗana. Ɓatar wa masu dawa da sawu kuwa, ban taɓa ganin wanda ya iya ba."

An fasa tafiya. Aka yi sauka, aka sha rubutu, aka yi sadakar waina. Duk da haka ran Alhamis, rana na faɗuwa kaji suka yi shiru, sai ga ɗinya na faɗowa tsakar gida ɗaya bayan ɗaya, daidai inda Marwa ke wasa, kamar yadda ake jefa wa biri gyaɗa. Babu bishiyar ɗinya a duk unguwar. Adawiyya ta share ta ƙona tana kuka.

Da safiyar Juma'a ya kwashe su zuwa gidan mahaifiyarsa a Batsari. Ya rufe ƙofa, ya zauna a tsakar gida da carbi, idonsa a kan yarinyar.

Magariba na kawo jiki, ɗinya ta faɗo a gabanta.

Marwa ta kalli saman katanga, ta ɗaga hannu tana dariya.

"Abba, yaran nan sun biyo mu. Wai in yi tsalle su gani."

Ya fizgo ta ya rungume. Saman katangar babu kowa.

"Sun ce babansu ya yi musu alkawari."

"Wane alkawari, Marwa?"

"Wai ran Asabar zai kama musu guda su tafi da ita gida."

Ya ƙara matse ta a ƙirjinsa. Nan yatsansa ya taɓo wani abu a ƙarƙashin wuyan rigarta. Siririyar igiyar kaba ce, ya bi ta zagaye da yatsa bai sami ƙulli ba.

"Abba," in ji ta, "yaushe ne Asabar?"