Bututun da Ya Gasa Aladen Don Chago

Ran jajiberin Kirsimeti da hantsi aka kira Sufeto Cintrón zuwa tsohuwar tashar gwajin nukiliya, ƙubbar nan ta bakin teku. Muna 'yan mata aka gina ta, aka ce wuta za ta yi araha. Ba ta yi wani ƙarko ba aka kashe ta, aka danƙare cikinta da siminti. Yanzu ragowar ƙarafan ake kwashewa.

Injiniya Maldonado ta tare shi a ƙofa.

"Bututu ɗaya ya ɓace, dogo, mai sheƙi. Gubarsa ido ba ya gani. Abin da ya taɓa kada ya shiga bakin mutum."

Sufeto ya duba kwaɗon ƙofa, lafiyarsa ƙalau. Mai gadi, dattijon da ake kira Don Chago, na gefe, hannuwa cikin aljihu.

"Makulli na wurin wa?"

"Wurina, Yallaɓai. Ai 'yan gwangwan ne, ta saman waya suka haura."

"Da bututun da ya fi ni da kai tsawo? Kawo hannu mu gaisa."

Hannun jawur da yaji, tafarnuwa na tashi.

"Kaza na jiƙa," inji Chago.

Sufeto ya tsallaka shan kofi wurin wata maƙwabciya, Doña Provi, wadda ba sai an tambaye ta ba.

"Chago? Bara sandar icen da yake gasa aladen Kirsimeti a kai ta ƙone, aladen ya faɗa toka a gaban surukansa. Har yau in ya wuce yara na yi masa gurnani. Ya rantse bana ba zai sake jin kunya ba."

Sufeto ya saka Chago da injiniya a mota, sai gidan Chago. A bayan gida matarsa na juya alade a kan bututu mai sheƙi, jikoki sun jeru da faranti. Injiniya ta miƙa na'urar awon guba, ta hau ƙaraf-ƙaraf ba numfashi.

"Wa ya ci?" Sufeto ya tambaya.

"Ci?" inji matar. "Wannan marowacin? Ko kunne ba ya bari a gutsura sai ya dawo."

Injiniya ta karɓe farantan, yara suka ɓarke da kuka.

Chago ya sunkuyar da kai. "Ni na ɗauka. Tsufa na yi ina gadinsa, ko ƙadangare ban ga ya kashe ba. Kuma binnewa za su yi."

An naɗe alade da bututu, aka tafi da su inda ake binne sauran ƙarafan. Chago kuwa, da ankwa a hannu, ya leƙo ta tagar motar 'yan sanda ya dubi maƙwabta.

"Ku dai shaida ne, bana aladen bai faɗi ba."