Dusar da Saloma Ke Gasawa

Tun hantsi bai ɗaga ba Saloma ta durƙusa a bakin murhu tana fifita garwashi da faifai. Watan Afrilu ne na 2004, zafin Zuru ya kai inda ya kai, mangwaro har zuba yake a ƙasa. Ta dama ots, hatsin gwangwanin nan mai kama da dusa, da ruwan ayar da ta tace, ta murƙushe nunanniyar ayaba biyu a ciki maimakon ƙwai da sukari, sannan ta yanka mangwaro da gwanda ta jera a sama. Gashin kuwa irin na masu kek ne: yashi a gindin tukunya, kwano a kan yashi, garwashi a kan murfi.

Duk wahalar nan don mijinta Haggai take yi. Damina bakwai ya yi yana golmo, wato noman neman aure, a gonar mahaifinta a Dabai kafin a ba shi ita. Ya shiga soja, ya je Saliyo ya dawo harsashi bai taɓa shi ba, sai ga ciwon zuciya da hawan jini sun kwantar da shi, jikinsa ya cika da ruwa. Likita ya ce a ajiye nama, ƙwai, madara, gishiri da kanwa tukuna. Wata nas ce ta koya wa Saloma gashin, ta kuma nuna mata yadda za ta danna ƙaurinsa da babban yatsa: in rami ya zauna, ruwa ne. Wata biyu ke nan ramin ya daina zama.

Saloma na ɗaga murfi sai ga mashin ya tsaya a ƙofar gida. Mama Margaret ce, mahaifiyar Haggai, daga Ribah, da zakara a hammata. Tana ganin ɗanta a kan tabarma ta saki zakaran.

"Yesu! Haggai, kai ne wanga? Ina jikinka ya tafi?"

"Sannu da zuwa, Mama," in ji Saloma tana durƙusawa. "Kumburin ne ya saɓe. Dokta ma ya ce..."

"Ban tambaye ki ba! Mi ke cikin kwanon ga?"

Ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta tofar. "Dusa! Dusa da 'ya'yan itace, sai ka ce akuya kike kiwo! Shekara bakwai ɗana shina duƙe a gonar ubanki, sakayyarshi ke nan?"

Kada mai karatu ya ɗauka muguwa ce. A inda ta taso, marar lafiya da romo ake tayar da shi, kuma son da bai zo da nama ba, ba ta san shi ba. Da Kirsimeti ta bar ɗanta da kumatu cike, yau ta tarar da ƙashin wuya, me kake so ta ce?

Saloma ta juya ga mijinta, idonta ya ciko. "Baban Praise, ka yi mata bayani mana."

Haggai ya sunkuyar da kai. Gaskiyar magana, bakinsa ya gaji da lami, kuma tun da ya ga zakaran nan yawunsa ya tsinke. Ya ce a hankali, "Mama ce fa, Saloma. Ki bari ta yi na kwana biyu."

Wannan maganar ta fi zagin Mama yi wa Saloma ciwo. Kafin rana ta take an ɗora Saloma da 'yarta Praise a mashin sai Dabai, wai ta je ta huta. Kuka take tana waiwaye tana cewa, "Don Allah, Mama, ko gishirin ne a rage! A ba shi ƙwayoyinsa!" Mashin ya tashi da su.

Kwana biyu suka zama mako uku. Farfesu da safe, tuwo da miyar kanwa da rana, soyayyen nama da yamma. Ƙwayoyin asibiti Mama ta zuba su a masai, tunda a ganinta su ke sa shi yawan fitsari yana tsotsewa. Sau huɗu Saloma tana gasa ots ta aiko, sau huɗu ana watsa wa kaji. Haggai kuwa fuska ta cika, takalmi ya daina shiga. Mama har godiya ta yi a coci ranar Lahadi, ta ce Ubangiji ya mayar wa ɗanta da jikinsa.

Washegari da safe yana wanke baki ya kife a tsakar gida.

Da labari ya kai Dabai, ko ɗankwali Saloma ba ta tsaya ɗaurawa ba. Ta tarar da shi a gadon asibiti, baki ya karkace, hannun dama da ƙafa sun saki. Mama na zaune a ƙasa tana ta maimaita magana ɗaya: "Amma ya yi ƙiba fa. Kowa ya gani, ya yi ƙiba."

Saloma ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa ta kama babban yatsan tsohuwar, ta ɗora a ƙaurin Haggai, ta danna, ta ɗaga. Rami ya zauna, zuƙut, ya ƙi tasowa.

"Ruwa ne, Mama," ta ce. "Ba ƙiba ba ce."

Tsohuwa ta daɗe tana kallon gurbin yatsanta a jikin ɗanta, sannan ta ɗora hannu a ka ta kurma ihun da ya tara nas-nas.

Haggai bai mutu ba, amma hannun da ya yi golmo bai sake riƙe fartanya ba. Iyayen Saloma sun ce ta dawo gida, tunda an wulaƙanta ta. Ta ce, "Shi ya yi mini shekara bakwai, Baba. Ni ko ɗaya ban cika ba a jinyarsa."

Lokacin da aka sallamo su mangwaro ya ƙare, sai ayaba da gwanda. Wata safiya Saloma ta fito ta tarar da Mama a bakin murhu ta zuba yashi a tukunya, hawaye na ɗiga a kan garwashi.

"Ɗiyata, ayaba nawa ake sawa?"

"Biyu, Mama."

Gashin ya ƙone ta gefe. Haka Haggai ya ci, cokali-cokali daga hannun matarsa, rabi na zubowa ta gefen baki. Ya yi ta kokawa da harshensa har ya iya haɗa kalma biyu, na farko tun faɗuwarsa: "Yafe... mini."

Haƙurin Saloma ya dawo mata da gidanta da darajarta, amma bai dawo da hannun Haggai ba. Iyaye da 'yan'uwa, in kun je duba marar lafiya, ku saurari wadda ke jinyarsa kafin ku yanke mata hukunci, domin so in babu sani yakan yi ɓarnar da ƙiyayya ba ta yi ba. Har yau Mama Margaret ba ta iya ganin mutum ya yi kumatu ba tare da ta kalli ƙafarsa ba.