Ranar da Baba Ya Raka Auta Ofis

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mini mana, ko sai na roƙa? Yauwa, ta zo ku ji ta. Sai dai ku gyara zama, wannan ba ta dariya ba ce sosai.

A bakin ƙofa rigimar ta fara, da yamma, murya ƙasa-ƙasa don kada Baba ya ji daga ɗaki.

"Sau nawa za ki je masa da maganar cunkoson hanya?" in ji Dogo, mai gyaran firji, wanda ya daɗe yana jiran auren Auta, 'yar Baba. "Manajan nan ba yaro ba ne, Auta. Ki faɗa masa gaskiya."

"In ce masa me? In ce Babana ba ya gane ƙofar gidansa?"

"Ciwo ne, ba abin kunya ba."

"A wurinka. Mutumin da ya rufa mini asiri tun ina goye, ni ce zan je in kwance masa zani a ofis?"

Dogo ya san in ta fara wannan rawar murya, hawaye na kusa.

Bari in gaya muku yadda abin yake. Baba tela ne, shi ya raini Auta shi kaɗai bayan rasuwar mahaifiyarta, yayyenta kuwa aure da neman abinci sun kai su nesa. Da girma ya zo, sai mantuwa ta shigo masa a hankali. Kullum safiya sai ya sa hula, ya rataya igiyar awo a wuya, ya fita neman shagon da aka daɗe da rufewa. Dogo ma kullum baƙo ne a wurinsa. In ya zo gaisuwa, Baba sai ya auna shi daga kafaɗa zuwa ƙasa, ya girgiza kai ya ce, "Wannan yaro zai cinye yadi."

Maƙwabciyarsu ce ke kula da shi in Auta ta tafi aiki. To ga shi maƙwabciyar za ta tashi daga unguwar.

Ita kuwa Auta a kamfanin dakon kaya take. Ita ke tsara wa direbobi inda za su yi lodi da inda za su sauke. Waya ce da kwamfuta, aikin da ko a kan tabarma za a yi shi. Amma Manaja dattijo ne da ido kawai ya yarda da shi. Kowace safiya sai ya zaga tebur-tebur, hannu a baya, kujerar da ya gani ba kowa, a wurinsa mai ita barci yake. Ta roƙe shi ya bar ta ta riƙa aiki daga gida, ta kawo hujjar hanya, ta kawo ta lokaci, ya ce, "In na ba ki yau, gobe sai in zo in gaisa da kujeru."

"To ki ajiye aikin," in ji Dogo a hankali. "Zan riƙe ku, ke da Baba. An ɗaga bikin nan, an sake ɗagawa... ni ma mutum ne, sanyin idona."

"Na sani, Dogona." Ta share ido da gefen mayafi. "Da allura ya biya karatuna har idonsa ya dushe. Amma in sai na zaɓa, gara in ajiye aikin da in tona masa asiri. Gobe ka kai ni ofis."

Washegari maƙwabciyar na ta haɗa kaya, babu wanda za a bar wa Baba, sai suka tafi da shi a tsohuwar motar Dogo. Baba sai murna yake, ya sa babbar rigarsa, yana ta gyara hula.

"Ka riƙe mini shi a nan," Auta ta ce da suka tsaya. "Ba zan daɗe ba."

Ta hau bene. Ta wuce teburinta, ta ga kofin shayinta da ɗan madubin da take ajiyewa bayan kwamfuta, ta kawar da kai. Manaja na tsakiyar zagayensa.

"Ranka ya daɗe, ina son magana."

"In ta gida ce, na riga na ba ki amsa."

"A'a. Na zo ne in ce..."

Sai ta ji sallama a bayanta, muryar da ta fi sani a duniya. Ta juya. Baba ne tsaye, igiyar awo a wuya, Dogo a bayansa ya sunkuyar da kai.

Baba ya dubi jerin tebura, ya dubi dattijon da ke tsaye hannu a baya, fuskarsa ta washe. Ya kama hannun Auta kamar yadda ake kama na ƙaramin yaro a bakin titi.

"Malam, kai ne shugaban makarantar? Ga 'yata na kawo. Yau ta fara."

Wani daga cikin samarin ofis ya so yin dariya, Manaja ya watsa masa ido, ya haɗiye ta.

"Ni ne, Baba," in ji Manaja. "Sannu da zuwa."

"Tana da ƙoƙari, ba za ta ba ka wahala ba. Aibinta ɗaya, in abu ya dame ta ba ta faɗa. Sai ka tambaye ta, ka sake tambaya." Ya matso, ya rage murya. "Kuma don Allah a riƙa sallamarta da wuri. Ba ta da uwa... ni ma ba ni da kowa a gidan sai ita."

Abin da Auta ta yi ta ɓoyewa ga shi a fili, kuma ba wanda ya raina Baba. Matar da ke teburin kusa ma tashi ta yi ta ba shi kujera.

Manaja ya dubi tsohon. Sannan ya dubi Auta.

"To, an ce in tambaye ki. Me ya dame ki?"

Nan ta faɗa. Ta faɗi fitar safe, da ranar da aka tsinto shi a bakin tasha ba takalmi, da tashin maƙwabciya. Tana faɗa tana kuka, Baba na shafa mata baya yana cewa, "Yi shiru, makaranta ba ta cizo."

"Kin zo mini da hanya, kin zo mini da lokaci," in ji Manaja. "Kin ɗauka ni ba uba ne ya haife ni ba?" Ya numfasa. "Ɗauki kwamfutar. Duk Litinin ki shigo in ga fuskarki, sauran ranakun ki yi a gida. Amma ranar da direba ya kira ba a ɗauka ba, magana ta tashi."

"Ba za ta tashi ba, ranka ya daɗe."

"Litinin ɗin fa, wa zai zauna da shi?" in ji Manaja.

"Ni," in ji Dogo daga bakin ƙofa.

A matakala ta tare Dogo, idonta jajir.

"Ce maka na yi ka riƙe shi."

"Ya ce zai raka 'yarsa. Ina da ƙarfin hana shi... ban so ba ne. In za ki yi fushi, ki yi, na ɗauka."

Ta goge idonta. Sannan ta ce, "Ka gaya wa mutanenka su sa rana. Amma a gidan Baba za mu zauna."

"Ko a soron ne, na yarda."

Haka aka yi. An ɗaura aure ba da jimawa ba, Dogo ya tare a gidan surukinsa, masu surutu suka yi suka gaji. Auta ta kafa teburinta a falo, inda take hango gadon Baba ta ƙofa, direbobi kuma ba su taɓa kira sun rasa ta ba. Manaja ya bar wasu ma suka bi sahunta kafin ya yi ritaya. Baba ya ƙara shekara da 'yan watanni. Wata ranar aiki da hantsi ya kira sunanta, ta ajiye waya ta je, ya cika, kansa na kan cinyarta. Ɗan da suka haifa daga baya sunan Baba ya ci, kuma har yau suna gidan.