Nishin Taraktar Lirwanu

Ranar da abin ya soma, babu abin da ya raba ta da sauran ranakun farkon damina a Gummi. An yi ruwa shekaranjiya, ƙasa ta yi laushi, kowa na neman a yi masa huɗa kafin ta bushe. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa sa'ad da Ɗanmusa ya shigo da tarakta ta ƙofar baya, ya ajiye ta ƙarƙashin rumfar kwano, ya kashe, ya rataya mabuɗi a wuya, ya wuce masallaci.

Hure na bakin murhu tana tuƙin tuwo. Shekara uku ke nan da rasuwar mijinta Lirwanu, kuma ban da 'ya'ya uku da awaki huɗu, wannan tarakta ita ce duk abin da ya bari. Da ita ake ci a gidan. Ƙanensa Ɗanmusa shi ke tuƙa ta, shi ne kuma waliyyin marayu. Tun ranar addu'ar arba'in Hure ta ɗauko babbar rigar marigayin, shuɗiya mai farin aiki a wuya, ta ba shi, ta kuma mayar da kwanon tuwon wansa nasa. Shi ake fara zuba wa. Akwai wasan nan na matar wa da ƙanen miji a tsakaninsu: tana ce masa Direban Marayu, yana ce mata Gwamnati, tunda rumbu a hannunta yake.

Ladan bai ƙarasa kiran salla ba sai aka ji nishi. Dogo ne, siriri, irin na tsohon da ya sauke kaya bai samu wurin zama ba. Daga rumfa ya fito. Hure ta tsaya da muciya a hannu. Nishin ya ɗauke, ya dawo, sannan wani abu ya yi ƙara kamar an cire murfin gora. Da aka haska tocila sai aka ga geji, wato siririn ƙarfen da ake auna man giyar tarakta da shi, ya fice daga raminsa ya faɗi a ƙasa. Daga gindin tayar baya kuma mai na ɗiga, baƙi mai ja-ja, yana taruwa a hankali. Wata maƙwabciya da ta leƙo ta katanga ta ce jini ne. Ba jini ba ne, amma ba wanda ya ga amfanin yin gardama da magariba.

Da safe Ɗanmusa ya kawo bakanike. Tarakta ta kwana ta huce, saboda haka ta nuna ladabi ƙwarai. Bakanike ya ce robar da ke tare mai a gindin taya ce ta mutu, ya sa sabuwa. Kwana uku ta fashe. Ya ce watakila man ya yi yawa, ya rage. Ya ce watakila man ne ba mai kyau ba, ya juye ya zuba wani. Duk tsawon aikin Ɗanmusa na tsaye a kansa yana nuna masa inda ya kamata ya duba, taimakon da ba kowane direba ke yi ba. A zuwa na huɗu bakanike ya wanke hannu ya ce iliminsa ya tsaya a nan, abin da ya rage na malamai ne.

A mako na biyu aka fara jifa. Da zarar maza sun shiga sallar magariba sai a ji dutse a kan kwano, ɗaya, shiru, sannan wani. Duwatsun farare ne masu kaifi da jirwaye, a garin da in ka haƙa ƙasa laka ce da yashi. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu shigowa. Manoman da suka kama layin huɗa suka fara tuna cewa ashe suna da shanu. Ɗanmusa ya kewaye rumfar da zana, ya sa kwado, saboda lafiyar yara.

Shi ne kuma ya zo da bayani. Ya zauna a kan turmi, bai taɓa tuwonsa ba, ya ce a fadama ya taka wa aljanu gida da garma, don tun ranar yake jin hannu mai sanyi a ƙeyarsa in yana tuƙi. Ya ce shi ba ya jin tsoron mutuwa, marayu yake tausayi. Amma Allah ya kawo wani Tasi'u daga wajen Bagega, mai ɗaukar wa masu niƙan zinare dutse, mutum mai ƙarfin zuciya, ya yarda ya sayi taraktar ya raba su da masifar. Abin da zai bayar bai kai kuɗin shanun huɗa biyu ba, sai dai wa zai sayi abin da ke nishi? Ranar Litinin zai zo. Hure ta yi kuka, ta yi masa godiya, ta amince.

Mardiyya ce kaɗai ba ta gamsu ba. Ita ce 'yar fari, shekararta goma sha takwas, kuma bisa al'ada Hure ba ta kiran sunanta, sai dai ta ce ke. Kafin a haifi ƙannenta maza, ita ce ta girma a gindin taraktar nan tana miƙa wa ubanta sifana. Ta lura cewa aljanin ba ya nishi sai ranar da aka yi aiki, kuma ranar Juma'a, da ba a fita gona, shi ma yana hutawa. Sau ɗaya ta gwada magana. Ta ce, "Inna, Baba ya kan ce in mai ya yi zahi..." Hure ta katse ta, ta ce ɗiya ba ta sa baki cikin maganar da baffanta ya yanke, balle baffan da ya ɗauki nauyinsu shekara uku. Mardiyya ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar Asabar da magariba, nishin na farawa, ta saki ƙwaryar da ke hannunta ta faɗi. Jikinta ya sandare, idonta ya juye, wata murya mai kauri ta riƙa fitowa daga maƙogwaronta ba tare da kalma ba. Mata uku suka kasa danne ta. Ɗanmusa ya ce ga abin da yake gudu ke nan, gara a kira Tasi'u tun gobe. Amma Hure, karo na farko, ta yi abu ba da shawararsa ba: ta aika Bukkuyum a ɗauko Malam Shafi'u, wanda ya shekara talatin yana ruƙiyya.

Ya iso kan babur ranar Lahadi bayan la'asar, dattijo siriri mai ƙarancin magana. Bai daɗe da zama ba Ɗanmusa ya dawo da tarakta daga gonar ƙarshe da ta rage, ya kulle ta da zafinta. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka lulluɓe yarinyar, Hure ta riƙe ƙafafunta. Dattawan unguwa biyu suka zauna daga gefe. Malam ya fara karatu a hankali, ya daɗe yana yi, har inuwar katanga ta rufe tsakar gidan. Daga cikin zana nishin ya taso. Mardiyya ta miƙe zaune kamar an ja ta da igiya.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Ni ba baƙo na ba," in ji muryar. "Tun zamanin Lirwanu nike cikin ƙarhen ga. Ba mu taɓa faɗa da kowa ba."

Malam ya tambaya, to me ya kawo faɗa yanzu, ko gida aka taka musu a fadama? Muryar ta yi dariya gajeriya, ta ce ba ta da gida a fadama, can sauro ya yi yawa.

"Iska anka toshe muna. Ƙarƙashin kujerar direba, bisa murhin giya, akwai ɗan bututu mai hula. In mai ya yi zahi, ta nan iska ka hita. An toshe shi. Iska ta rasa hanya, sai ta tura mai ta inda ta samu, ta fasa roba, ta tunkuɗe geji. Ko roba ɗari kunka sa, haka za ta fasa su. Kai Malam, in anka toshe ma hanci, ba ka nishi?"

"Duwatsun fa?"

"Ba namu na ba. Mu ba mu zuwa Bagega ɗaukar dutse."

Ba wanda ya dubi Ɗanmusa, kuma rashin duban ya fi duban nauyi.

Malam ya ce ko ma mene ne, jikin baiwar Allah ba wurin kai ƙara ba ne, ya umarci aljanin ya fita. Aljanin ya nemi baƙin bunsuru, da alama don kada a ce bai san aikinsa ba. Malam ya ce ba a yi wa kowa yanka sai Allah, ya ɗaga murya da karatu. Yarinyar ta yi ta birgima, sannan muryar ta ce ta janye bunsuru, saura sharaɗi biyu. Na farko, wanda mabuɗi ke wuyansa ya buɗe bututun da hannunsa, yanzu, gaban kowa. Hular ta cije, sai da sifana lamba goma sha huɗu, tana cikin akwatin marigayi a ƙarƙashin gadon Hure. Na biyu, daga yau mabuɗin ya riƙa kwana a gidan nan.

A shekara talatin Malam Shafi'u ya gamu da aljanu masu jin Larabci da masu neman turare, amma bai taɓa gamuwa da wanda ya san lambar sifana ba. Ya dubi lulluɓaɓɓen kan yarinyar na ɗan lokaci, ya dubi uwar da ke riƙe da ƙafafunta. Sai ya ce sharaɗin bai saɓa wa shari'a ba.

Ɗanmusa ya miƙe. Mutumin da ya yi kwanaki yana rantsuwa da hannu mai sanyi a ƙeyarsa, yanzu ya tuna cewa maganar aljani ba hujja ba ce. "Allah gafarta Malam, ai maƙaryata na," ya ce.

"Ƙwarai kuwa," in ji Malam. "Shi ya sa za mu duba."

Aka ɗauko akwatin, aka buɗe zana. Ɗanmusa ya hau, ya ɗage kujera, ya kankare busasshiyar laka da maiƙo, sai ga ɗan bututun a daidai inda aka ce. Sifana ta zame masa sau biyu. Da hular ta fita, aka ga bakin ramin a cike da wani abu. Ɗaya daga cikin dattawan ya riƙe masa tocila ba tare da an roƙe shi ba. Ɗanmusa ya sa filaya ya ja.

Iska ta fito da ƙara, mai zafi, mai warin ƙonannen mai, ta daɗe tana fita kamar ba za ta ƙare ba, sannan ta sirance ta mutu. A bakin filaya akwai ɗan guntun ice da aka feƙe da wuƙa, an naɗe shi da tsumma don ya cika ramin sosai.

Hure ta saki ƙafafun 'yarta ta taso. Ta miƙa hannu, ya ba ta, don bai ga yadda zai hana ba. Ta warware tsumman a ƙarƙashin hasken tocila. Mai ya cinye shi, amma shuɗin bai ɓace ba, kuma a gefe guda ga ragowar farin aiki, har da wani ɗinki karkatacce da ita kanta ta yi shekara shida da suka wuce, ranar da ƙusa ta kama wuyan rigar.

Ɗanmusa ya fara bayani. Ya ce saboda ruwa ne, kada ya shiga giya in ana ƙetare rafi, mantuwa ce ya bar shi. Ya ce Gwamnati, ke ma kin san ni. Hure ba ta ɗago ba.

"Har rigar?" ta ce.

Malam ya miƙa tafin hannu, Ɗanmusa ya cire igiyar mabuɗin daga wuyansa ya ajiye a kai, ya fita ta ƙofar baya ba tare da takalminsa ɗaya ba. A kan tabarma Mardiyya ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido, ta tambaya me mutane suke yi a gidansu. Malam ya tofa addu'a a ruwa ya ba ta, ya ce wa Hure ba ya jin wannan zai sake dawowa, sai fa in an sake ƙin sauraren masu gida.

Ranar Litinin Tasi'u bai zo ba, jifa ma ba a sake yi ba. Bakanike ya dawo ya sa roba ta uku, ya wanke bututun da kananzir, ya ce dama ya yi zargin haka. Aka samu wani direba daga cikin dangin Hure. Tarakta ta fita ta dawo da yamma da zafinta, ta tsaya a rumfa shiru kamar kowane ƙarfe. A unguwa har yau ana ba da labarin aljanin gidan Lirwanu, masu ba da shi kuma sun fi son sashen jini.

Da magaribar ranar Hure ta tuƙa tuwo. Hannunta ya kai ga kwanon da aka saba fara zuba wa, ta riƙe shi jim kaɗan, ta kife shi a kan rumbu. Tsumman nan ta wanke shi sau uku da sabulu, man bai fita ba. Yana shanye a kan igiya tsakanin zannuwa, bai fi tafin hannu ba.

Ta zuba wa yara, ta tura wa 'yar farinta nata kwanon ba tare da ta dube ta ba.

"Ke," ta ce. "Baƙon nan naki. Bai ce kwana nawa-nawa aka duba ramin ba?"

"Kowace Juma'a, Inna."

Hure ta kwance mabuɗin daga bakin zanenta, ta ajiye shi kusa da kwanon yarinyar, ta koma bakin murhu.