Mai Duba Kanumfari

Shekara ashirin da uku Shaame Kombo yana aiki ɗaya a rumbun kanumfari na bakin teku a tsibirin Pemba. Ya tsoma hannu a buhu, ya karya ƙwaya ɗaya da farce, ya shinshina, ya zana lambar ingancinsa da alli a jikin buhun. Hancinsa ya daɗe da daina jin ƙamshin, hannu ne kawai ke tafiya. Kullum da la'asar sai ya yi hamma ya ce, "Wallahi da wani zai karɓe ni, da na huta."

Sai ya fara tarar da buhuna da safe an riga an zana musu alli. Rubutun nasa ne sak, har da ƙugiyar da yake yi wa lamba biyu. Zarginsa ya faɗa kan Faki mai gadi, wanda ya daɗe yana yi wa kujerarsa kallon sha'awa.

"Faki, wa ke taɓa min buhuna?"

"Haba dattijo, Mzee Shaame, ni da ko sunana ban iya rubutawa ba? Kai dai tsufa ne ya fara sallama."

Shaame bai yi dariya ba. Ran Talata da aka tashi, ya yi kamar ya nufi gida, ya laɓe bayan tulin kwakwa. Ya ga Faki ya kulle ƙofa ya wuce masallaci. Gari ya yi ja, jemagu suka fara fita.

Can sai ya ji ƙarar alli a jikin buhu.

Ya buɗe da nasa makullin, a hankali. Ƙamshin kanumfari ya buge shi har idonsa ya kawo ruwa, shi da ya shekara goma bai ji shi ba. A kan kujerarsa wani na zaune ya ba shi baya. Hularsa ce. Kafaɗar hagu a karkace, kamar tasa.

Hannun ya shiga buhu. Farce ya karya ƙwaya. Alli.

"Wane ne kai?"

Tare suka faɗa, shi da na zaunen, da murya ɗaya.

Abin ya juyo. Fuskar Shaame ce, sai dai idon ba ya ƙiftawa.

"Kai ka yi ta kira," ya ce cikin raɗa. "Aikin na iya, ba wuya. Saura gida."

Shaame ya ja da baya. Abin ya ci gaba.

"Kullum sai ka shiga gida ba sallama. Ka zauna a tabarma. Matarka Bi Mboja ta kawo shayi, ta ce ya aiki, ka ce hmm. Shi ma na iya."

Shaame ya juya ya nufi ƙofa. Abin na tsaye a bakinta. Ya karkata wajen famfon da yake wanke hannu kullum. Yana can, yana jiransa.

Duk inda ƙafarsa ta saba zuwa, ya riga shi.

Sai idonsa ya kai ga ƙaramar tagar da ke kallon teku. Ko sau ɗaya bai taɓa leƙa ta ba. Ya taka buhu, ya bangaje katakon tagar da kafaɗa, ya faɗa cikin laka. A bayansa ya ji allin ya faɗi ƙasa.

Bai bi hanyarsa ba. Ya ratsa ta cikin gonakin rogo, ƙaya na yagar ƙafarsa, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa.

A ƙofar gidansa ya tsaya yana haki, ya ɗaga murya da sallamar mutanen garin. "Hodi! Mboja! Hodi!"

Ta leƙo da fitila. Ta dube shi, ta waiga ɗaki, ta sake dubansa.

"Ai yanzu ka shigo," ta ce. "Na ba ka shayi."

Babu kowa a tabarmar. Kofin yana tururi, an sha rabi.

"Mboja, ba ki gane ba ni ba ne?"

"Maigida, da me zan gane?"

Wannan tambaya ta fi fuskar nan ta rumbu yi masa ciwo. Ya zauna a dokin ƙofa ya yi kuka, yana da shekara hamsin da biyar.

Washegari ya nemi Faki ya yafe masa, ya kuma roƙi a riƙa tura shi gonaki yana nuna wa manoma yadda ake shanya kanumfari. Ba ya bin hanya ɗaya kwana biyu a jere. Da magariba yakan tsaya a waje ya yi sallama, Bi Mboja kuwa ba ta zare sakata sai ya gaya mata wani abu da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba.